Filin Zuccotti: Wurin Kowa, Amma da Mai Shi

Filin Zuccotti ba wani makeken wuri ba ne. Girmansa murabba'in ƙafa 33,000 ne, kimanin murabba'in mita 3,100, kuma ba lambu ne mai ciyawa ba: daɓen dutse ne, da bencina da tebura na dutse, da bishiyoyi fiye da 50 a jere, ga dogayen benaye sun yi masa zobe. Yana kudancin tsibirin Manhattan a birnin New York, tsakanin titin Broadway da Trinity Place, taku kaɗan daga inda tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya suke kafin harin 11 ga Satumba 2001. Da rana ma'aikatan ofisoshi ne ke zuwa su ci abinci, su ɗan sha iska, su koma bakin aiki. Kafin Satumbar 2011, ko a cikin mazauna birnin ba kowa ya san sunansa ba, balle ya san na wane ne.

To, na kamfani ne. Kamfanin dillancin gine-gine na Brookfield ke da shi, kuma sunan da filin ke ɗauke da shi tun 2006 na shugaban kamfanin ne a Amurka a wancan lokacin, John Zuccotti, wanda ya taɓa zama mataimakin magajin garin New York, ya kuma taɓa shugabantar hukumar tsara birnin. Duk da haka doka ta wajabta wa kamfanin ya bar filin a buɗe ga kowa dare da rana. Waɗannan abubuwa biyu sun yi shekaru fiye da 40 suna zaune lafiya, don ba wanda ya taɓa matsa su har su yi karo. A kwana 59 na kakar 2011, lokacin da masu zanga-zangar Occupy Wall Street suka yi zaman dirshan a filin har aka kore su, aka matsa su, kuma abin da ya fito ya isa a tsaya a duba shi da kyau.

Cinikin da ya haifi filin

A 1961 New York ta sake dokar tsara gine-ginenta, ta shigo da wani irin ciniki. Dokar ta ƙayyade wa kowane fili iyakar girman ginin da za a iya ɗorawa a kansa. Sai aka ce wa masu gini: duk wanda ya bar sarari a gindin benensa don jama'a su riƙa shiga, za a ba shi damar wuce wannan iyaka. A unguwannin da suka fi cunkoson kasuwanci, kowace murabba'in ƙafa ɗaya da aka bari a ƙasa tana jawo ƙafa 10 na ƙarin ofisoshi a sama, har ginin ya ƙaru da kashi 20 cikin 100. Ɗaya a ƙasa, goma a sama. Ba abin mamaki ba ne da kusan duk wanda ya samu damar ya karɓa hannu bibbiyu.

Filin da muke magana a kansa ya fito ne daga irin wannan ciniki a 1968, ta wani izini na musamman da aka ba kamfanin ƙarfe na United States Steel lokacin da yake shirin gina benen nan mai hawa 54 da ake kira One Liberty Plaza. Kamfanin ya samu ƙarin girman gini, birni ya samu fili a tsallaken titi, aka sa masa suna Liberty Plaza Park. Daga baya benen da filin suka koma hannun Brookfield. Harin 2001 ya lalata wurin, kamfanin ya kashe kimanin dala miliyan 8 ya gyara shi, aka sake buɗewa a 2006 da sabon suna.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, don duk sauran labarin a kan wannan gaɓa ya rataya. Ana yawan maganar irin waɗannan filaye kamar kyauta ce kamfani ya yi, jama'a kuma baƙi ne da aka yi wa alfarma. Ba haka ba ne. An biya kuɗin filin, kuma mutanen birnin ne suka biya. Sun biya da hasken ranar da ƙarin benaye suka tare, da cunkoson da dubban ƙarin ma'aikata suka kawo wa tituna da jiragen ƙarƙashin ƙasa. Mai bene kuwa yana karɓar kuɗin hayar waɗancan ƙarin ofisoshi duk wata, shekara bayan shekara, muddin benen yana tsaye. Wanda ya zauna a bencin Zuccotti bai ci arzikin kowa ba, kayan da aka saya masa ne ya zauna a kai.

Yadda cinikin ya kasance a aikace, an auna shi. A shekara ta 2000 Jerold Kayden, malami a jami'ar Harvard, tare da ma'aikatar tsara birnin da wata ƙungiyar kula da fasalin birni, suka fitar da cikakken bincike na farko: filaye 503 a gine-gine 320. Kashi 41 cikin 100 na filayen kusan ba su da wani amfani ga mai wucewa, kuma kusan rabin gine-ginen suna saɓa wa sharuɗɗan da suka sa wa hannu. Wani ya kulle ƙofa, wani ya bar gidan abinci ya baje kujerunsa a wurin, wani ya kafa ƙusoshi a inda za a zauna. Tun a 1975, bayan aikin lura da William Whyte ya yi a kan yadda mutane ke amfani da sarari, an ƙara sharuɗɗa a kan kujeru da bishiyoyi da haske. Amma akwai abu guda da dokar ba ta ce uffan a kansa ba: shin a waɗannan filaye mutum yana da 'yancin ya tara jama'a, ya ɗaga kwali, ya yi jawabi? Hukumomin birnin sun tafi ne a kan cewa mai fili na iya kafa ƙa'idoji "masu ma'ana". Abin da ke da ma'ana da wanda ba shi da ita, an bar shi a buɗe.

Ɓarakar da ta buɗe ƙofa

Ranar Asabar 17 ga Satumba 2011, bayan kiran da mujallar Adbusters ta ƙasar Kanada ta yi tun watan Yuli, wasu ɗaruruwan mutane suka fito don yin zaman dirshan a unguwar hada-hadar kuɗi, suna ƙorafi a kan giɓin da ke tsakanin masu hannu da shuni da sauran jama'a, da yadda aka ceto bankuna bayan rikicin tattalin arziki na 2008 aka bar masu bashin gida suna nutsewa. Takensu shi ne su ne kashi 99 cikin 100. Wannan ne yunƙurin da aka sani da Occupy Wall Street.

Ba Zuccotti suka fara nufa ba. Sun so sauka a filin One Chase Manhattan Plaza, suka tarar an kewaye shi da shinge. 'Yan sanda sun riga sun datse titin Wall Street ɗin kansa. Lambunan gwamnatin birni kuwa suna da lokacin tashi, galibi ƙarfe 1 na dare, don haka duk wanda ya kwana a ciki ya ba 'yan sanda hujjar kama shi. Zuccotti ne ya rage, kuma da suka shiga sai ta bayyana cewa sun faɗo cikin wata ɓaraka da ba wanda ya shirya mata. Tun da ba lambun gwamnati ba ne, dokar tashi da dare ba ta hau kansa ba. Tun da sharaɗin 1968 ya ce a bar shi a buɗe awa 24, mai shi ba zai iya garƙame shi ba. 'Yan sanda kuma suka ce wurin na kamfani ne, ba za su fitar da kowa ba sai mai shi ya nema. Ƙa'idar da ke manne a filin a lokacin ba ta wuce hana hawa keke da takalman taya da allon taya ba.

Mutane suka zauna. Cikin makonni wurin ya zama ɗan ƙaramin gari: ga kicin da ke ciyar da kowa kyauta, ga wurin duba marasa lafiya, ga teburin 'yan jarida, ga ɗakin karatu da ya fara daga 'yan littattafai a cikin kwali har ya kai dubbai, an zuba su cikin akwatunan roba saboda ruwan sama. A New York sai da izinin 'yan sanda ake amfani da lasifika a waje, kuma ba su da shi. Sai suka ƙirƙiro tasu da baki: mai magana ya faɗi 'yan kalmomi ya yi shiru, waɗanda ke kusa da shi su maimaita da ƙarfi gaba ɗaya, na bayansu su sake maimaitawa, har maganar ta isa ƙarshen fili. Jawabin minti biyu sai ya ci minti shida. Amma kowa sai ya furta maganar ɗan'uwansa da bakinsa, har wadda bai yarda da ita ba, kafin ya samu damar mayar da martani. Idan an yarda a ɗaga hannu ana kaɗa yatsu sama, idan ba a yarda ba a karkata su ƙasa. Da sanyi ya fara shigowa, ƙananan kwamitoci suka riƙa zama a wani zaure da ke lamba 60 a titin Wall Street, wanda shi ma filin jama'a ne a cikin ginin banki, irin cinikin nan dai.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba, don gaskiya ne kuma yana da nauyi. Filin ba shi da banɗaki ko ɗaya. Masu shaguna da gidajen abinci na kusa sun sha wahala, mazauna unguwar sun yi ta kuka da ƙazanta da kiɗan ganguna da ba ya ƙarewa, har majalisar unguwar ta nemi a taƙaita kiɗan zuwa awa 2 a rana. An samu rahotannin sata da na cin zarafin mata, abin da ya sa aka kafa tanti na mata zalla. Ma'aikacin da ya saba cin abincinsa a wancan benci ya rasa wurin zama. Shi ma jama'a ne, shi ma an sayo filin dominsa. Duk wanda ya ce babu wata matsala a Zuccotti bai yi wa maƙwabtan adalci ba.

Ƙa'idojin da aka rubuta bayan an fara

A mako na biyu na Oktoba, shugaban gudanarwar Brookfield, Richard Clark, ya rubuta wa kwamishinan 'yan sanda Raymond Kelly yana neman a taimaka a fitar da mutane don a wanke filin. Magajin gari Michael Bloomberg ya sanar cewa za a yi wankin ranar Juma'a 14 ga wata da ƙarfe 7 na safe. A tare da sanarwar sai ga sababbin ƙa'idoji daga kamfanin: ba kafa tanti, ba shimfiɗa tamfol, ba jakar barci, ba kwanciya a ƙasa ko a kan benci, ba ajiye kaya. Kowa ya gane inda aka dosa. Za a fita don wanki, a dawo a tarar an canja dokar wurin.

Abin da masu zaman suka yi a daren ya cancanci a tuna. Suka sayo tsintsiya da bokiti da burushi, suka kwana suna goge daɓen da kansu, ana ruwan sama. Kafin gari ya waye dubban mutane, ciki har da 'yan ƙungiyoyin ƙwadago, sun cika filin da titunan gefensa. Ana saura ƙasa da awa ɗaya lokacin ya cika, mataimakin magajin gari Cas Holloway ya sanar cewa kamfanin ya ɗage wankin.

An ɗage wanki, amma ƙa'idojin sun zauna. Kuma a ganina su ne zuciyar wannan lamari, sun fi daren korar kansa muhimmanci. Idan ma'aikatar lambuna ta birnin tana son sauya dokar wani lambu, akwai hanya: ta buga daftari, ta saurari jama'a, kuma duk wanda bai gamsu ba yana iya kai ta kotu a matsayinta na hukuma. A Zuccotti kuwa wani ofishin kamfani ne ya rubuta, aka buga a allo, aka liƙa. Ba zaman sauraro, ba ƙuri'a, ba wa'adi. An kuma rubuta su ne bayan mutanen sun riga sun zauna, an yanka su daidai jikin abin da ake son hanawa. Ko da kowace ƙa'ida a cikinsu tana da ma'ana a kan kanta, kuma wasunsu suna da ita, hanyar da aka bi ta nuna cewa filin da aka saya wa jama'a ba su da ko kalma ɗaya a cikin yadda za a tafiyar da shi. A daidai wannan lokaci ƙungiyar masu gine-gine ta New York ta fara neman a ba su damar rufe irin waɗannan filaye da dare, wasu kamfanonin kuma suka yi maza suka liƙa nasu allunan hani kafin abin ya iso ƙofarsu.

Ranar 28 ga Oktoba 'yan kwana-kwana suka kwashe janaretoci da man da ke filin, suka ce akwai haɗarin gobara. Washegari dusar ƙanƙara ta sauka. Tantuna suka ƙaru.

Daren 15 ga Nuwamba

Da misalin ƙarfe 1 na daren Talata, ɗaruruwan 'yan sanda suka kewaye filin, suka haske shi da manyan fitilu, suka raba takardar da ke cewa kowa ya kwashe kayansa ya fita, za a iya dawowa bayan an share amma ba da tanti ba. An toshe titunan da ke kewaye. An hana 'yan jarida matsowa, har da masu katin da rundunar 'yan sandan ta ba su da kanta, an kuma kama wasu daga cikinsu. An kama mutane kimanin 200, ciki har da ɗan majalisar birni Ydanis Rodriguez. Ma'aikatan kwashe shara suka loda tantuna da kwamfutoci da kekuna da littattafai a manyan motoci. Da masu kula da ɗakin karatun suka je garejin da aka zube kayan, a cikin littattafai kimanin 3,600 da suka ce an kwashe, 1,000 da 'yan kai kawai suka samu, da yawa kuma sun jiƙe ko sun yage.

Bloomberg ya ce kamfanin ne ya nemi taimako, amma shawarar ƙarshe tasa ce. Ya ce masu zanga-zangar sun yi wata biyu suna mamaye filin da tantuna, yanzu sai su mamaye shi da ƙarfin hujjarsu. A lura da yadda nauyin ya rabu. Ƙa'ida ta kamfani ce, hannun da ya aiwatar na gwamnati ne. Ka tuhumi kamfani, ya ce shi ba hukuma ba ne, tsarin mulki bai ɗaure shi ba. Ka tuhumi gwamnati, ta ce ƙa'idar mai wuri ta kare. Mai ƙorafi ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Akwai kuma wani abu da aka yi ta ambata a lokacin: Diana Taylor, abokiyar zaman magajin garin, tana cikin daraktocin Brookfield. Ban kawo wannan don in ce an yi wata maƙarƙashiya ba. Na kawo shi ne don a ga yadda layin da ke tsakanin gwamnati da mai fili yake da siriri a aikace, alhali a gaban shari'a an ɗauke shi kamar katanga.

Abin da kotu ta ce, da abin da ta tsallake

Kafin gari ya gama wayewa lauyoyin masu zaman sun samu umarnin wucin gadi daga mai shari'a Lucy Billings, wanda ya hana birnin korar mutane ko hana su dawowa da kayansu. Mutane suka zo bakin shinge riƙe da kwafin umarnin, 'yan sanda ba su buɗe ba. Da rana shari'ar ta koma gaban mai shari'a Michael Stallman, da yamma ya yanke hukunci: masu ƙara ba su nuna cewa Gyara na Farko na tsarin mulkin Amurka, wanda ya kare 'yancin magana da na taro, ya ba su damar zama a filin da tantuna da janaretoci ba, kuma mai filin yana da ikon kafa ƙa'idoji masu ma'ana don tsafta da lafiya da kuma don sauran jama'a su samu shiga. Babbar tambayar kuwa, shin tsarin mulkin ya hau kan mai wannan fili ko bai hau ba, alƙalin bai yanke ta ba. Ya ce ne ko da an ɗauka ya hau, sakamakon ɗaya ne.

A kan maganar tanti, gaskiya hujjar masu zaman ba ta da ƙarfi ko da filin na gwamnati ne. Tun 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta amince da dokar da ta hana masu zanga-zangar kare marasa gida kwana a lambun Lafayette da ke gaban fadar White House. Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya tambayar, wadda aka tsallake, don tarihin shari'ar Amurka a kanta yana tafiya ne da baya.

A 1939 Kotun Ƙoli ta bayyana tituna da lambuna a matsayin amanar da aka riƙe wa jama'a don taro da musayar ra'ayi tun fil azal. A 1946 aka kai mata ƙarar Grace Marsh, wata mai wa'azi da aka kama tana raba takardu a garin Chickasaw na jihar Alabama, garin da gaba ɗayansa mallakar wani kamfanin ƙera jiragen ruwa ne. Kotun ta ce idan mai dukiya ya buɗe wurinsa ya zama gari, to haƙƙin mutanen garin ya biyo shi ciki. A 1968, shekarar da aka haifi filin namu, kotun ta miƙa wannan hukunci zuwa manyan cibiyoyin saye da sayarwa. Sai iska ta juya. A 1972 ta ba wata cibiyar kasuwanci a birnin Portland gaskiya a kan masu raba takardun adawa da yaƙin Biyetnam, a 1976 kuma ta rufe ƙofar gaba ɗaya. Ɗan abin da ya rage shi ne hukuncin Pruneyard na 1980, inda ta ce kowace jiha na iya ba mutanenta fiye da haka a nata tsarin mulkin. Kalifoniya ta ba da, New Jersey ta bi sahu a 1994. New York ta ƙi: a 1985 babbar kotun jihar ta yanke cewa masu adawa da tashar nukiliya ba su da 'yancin raba takardu a wata cibiyar kasuwanci ta Long Island.

Sai dai Zuccotti ba cibiyar kasuwanci ba ne, kuma nan ne nake ganin shari'a ta yi gajeren hannu. Mai kanti ya buɗe ƙofarsa ne don kansa, don ya sayar. Mai Zuccotti bai buɗe don ganin dama ba, an biya shi ya buɗe, kuma gwamnati ce ta rubuta sharaɗin. Wurin da doka ta haifa, doka ta hana rufewa, 'yan sandan gwamnati ke tsaronsa, da wuya a ce gwamnati ba ta da hannu a cikinsa ranar da aka zo maganar 'yancin baki. A Afrilun 2012 wani alƙalin kotun laifuka, Matthew Sciarrino, ya ƙi soke tuhumar shiga wuri ba izini da aka yi wa ɗaya daga cikin waɗanda aka kama a daren, ya tabbatar da ikon kamfanin na rufe filin na ɗan lokaci. Wato mutum na iya zama mai kutse a filin da aka wajabta buɗe masa awa 24.

A Landan ma an ga irin haka a kakar 2011. Ranar 15 ga Oktoba 2011 masu zanga-zanga suka nufi dandalin Paternoster, inda kasuwar hannun jari take. A lokacin dandalin na kamfanin Mitsubishi Estate ne na Japan, kuma ya riga ya samo umarnin kotu, don haka ba su ko taka shi ba, suka koma gaban majami'ar St Paul's. Tun a 2003 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke a shari'ar Appleby cewa ba a tauye wa wasu masu neman sa hannun jama'a haƙƙi ba da aka hana su tsayawa a tsakiyar garinsu da ya koma hannun kamfani, tun da suna da wasu hanyoyin isar da saƙo. A can ko sharaɗin buɗewa irin na New York babu a yawancin wuraren.

Shingen ƙarfe

An sake buɗe Zuccotti da yammacin ranar 15 ga Nuwamba, amma an kewaye shi da shingayen ƙarfe, an bar 'yan ƙofofi, masu gadin kamfani suna duba jakunkuna suna mayar da duk wanda suka ga dama. Haka aka yi kusan wata biyu. Abin da ya kawar da shingen shi ne ya fi ba ni darasi a duk labarin. A watan Janairun 2012 ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta New York da wasu ƙungiyoyin lauyoyi biyu suka rubuta wa ma'aikatar gine-gine ta birnin. Ba su jingina da tsarin mulki ba. Suka buɗe dokar tsara gine-gine suka nuna cewa ta hana toshe hanyoyin shiga irin wannan fili, ta kuma hana sauya fasalinsa ba tare da izini ba. Ranar 10 ga Janairu aka ɗebe shingen. Abin da aka rubuta a cikin ciniki an same shi cikin kwanaki. Abin da ba a rubuta ba, ko alƙali ya tsallake shi.

Ranar 17 ga Maris 2012, da mutane suka taru don cikar wata shida, 'yan sanda suka sake share filin, suka kama fiye da 70. A Afrilun 2013 birnin ya amince ya biya dala 47,000 diyyar littattafan, da fiye da dala 186,000 kuɗin lauyoyi, Brookfield kuma ya ɗauki wani ɗan kaso na kuɗin.

Ba na cikin masu cewa ya kamata a bar tantuna a Zuccotti har abada. Fili na kowa ne, ba na wanda ya riga zuwa ba. Abin da nake cewa shi ne, ranar da birni zai sayar da sararin samaniyarsa don ya sayi fili, ya rubuta a takardar cewa 'yancin taro da magana a wurin daidai yake da na kowane lambun gwamnati, cewa ƙa'idojin wurin sai an buga su an saurari jama'a kafin su fara aiki, kuma akwai hukumar da za a kai wa ƙara idan mai gadi ya wuce gona da iri. Wannan bai rage wa mai bene ko sisi daga hayar benayensa ba. Kuma buƙatar tana ƙaruwa, don yanzu irin waɗannan filaye a New York sun kusa 600, yawancinsu a tsakiyar Manhattan da kudancinta, daidai inda bankuna da manyan kamfanoni suke, inda mai ƙorafi zai so a ji muryarsa.

A Afrilun 2017 babban mai binciken kuɗi na birnin, Scott Stringer, ya fitar da rahoto bayan ya aika jami'ansa sun zagaya wurare 333. Suka tarar 182 suna saɓa wa sharuɗɗansu, wasu kuma an yi shekaru ba wanda ya je dubawa. A shekarar majalisar birnin ta yi doka da ta wajabta kafa alamar da ke nuna cewa wuri na jama'a ne, da dubawa a kai a kai, da buga bayanan kowane fili a intanet. Kafin nan ma an yi ta fama da zauren benen Trump Tower, wanda shi ma daga irin wannan ciniki ya fito, inda aka cire wani dogon benci aka kafa teburin sayar da kaya. Bencin yana cikin takarda, don haka aka ci tarar kamfanin, kuma a 2016 aka dawo da wurin zama. Dokar ta 2017 ta yi maganar alamu da dubawa, ba ta taɓa maganar taro ba.